Drop Bear: Dodon Barkwanci na Ostireliya

Drop Bear wata dabba ce da babu ita a zahiri, wadda mutanen Ostireliya ke tsorata baƙi da ita don raha. A cewarsu, wani ƙaton kowala ne mai cin nama, wanda ke laɓewa a kan bishiya har sai mutum ya zo wucewa, sannan ya diro masa a ka. Maganin da ake ba baƙo shi ke tona asirin wasan: wai ya shafa Vegemite, wani abin shafa wa burodi, a bayan kunnuwansa, ko ya soka cokula masu yatsu a gashinsa. Kowala na gaskiya kuwa ganyen bishiyar turare yake ci, kuma yakan kwashe kusan awa 20 a rana yana barci.

Asalin labarin yana cikin al'adar zolayar sabon zuwa, a ƙasar da macizai da gizo-gizo masu dafi suka riga suka sa baƙo shan jinin jikinsa. Wanda ya ji labarin waɗannan, da wuya ya musa na dodon bishiya. Wasu na danganta shi da Thylacoleo, wata dabba mai farauta da ta taɓa rayuwa a nahiyar, amma ta ƙare tun dubban shekaru, alhali labarin bai bazu ba sai a ƙarni na 20. Hukumomi ma sun sa hannu: Gidan Tarihi na Ostireliya da ke Sidni ya raɗa wa Drop Bear sunan kimiyya na wasa, Thylarctos plummetus.