Rigar nutso

rigar nutso (suna, mace, jam'i: rigunan nutso). Matsattsiyar rigar roba ce ta masu nutso da tukunyar iska. Ruwa na shigarta, amma ƙananan kumfar iska da ke cikin robar ke tare ɗumin jiki. A ruwa mai ɗumi, irin na Bahar Maliya lokacin zafi, mai kaurin milimita 3 ta fi dacewa. Wani zai ce ruwan digiri 27 bai buƙatar riga, to amma ruwa na zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, kuma a zurfin mita 10 matsi na ninkawa, robar ta matse, ɗuminta ya ragu. Mai milimita 5 kuwa takan riƙa tasar da mutum sama, dole ya ƙara dalma a ƙugu.