Daga Farisa zuwa Fadamar Zauro: Nazarin Kalmar "Peach" da Sunan Tafashiya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi salsalar kalmar Ingilishi "peach" da ma'anoninta, sa'an nan ta auna dacewar laƙaba ta ga tafashiya, itacen da mutanen ƙasar Kabi suka sani tun kaka da kakanni.

Asalin lafazin

Malaman lugga sun yi ittifaƙi a kan cewa kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, wanda shi kuma ya gaje ta daga Latin, inda Rumawa ke kiran ɗan itacen da ake nufi da ita "persica", wato na Farisa, saboda ta hannun Farisawa ya iso musu. Alhali kuwa mahaifarsa ta haƙiƙa ƙasar Sin ce, inda aka tono ƙwallayensa masu shekara dubbai a lardin Zhejiang. Wannan nisba ta bi shi har cikin littattafan ilimin tsirrai, domin masanin tsirrai Linnaeus ya riƙe ta a 1753, kuma sunan da ake aiki da shi yau, Prunus persica, bai yar da ita ba. Larabawan Masar da Sham ba su bi wannan hanya ba: Misirawa na cewa "khaukh", mutanen Sham na cewa "durraƙ".

Bahaushe ba zai yi mamakin haka ba, tun da shi ma ya jingina masara ga Masar, ya ce dankalin Turawa, alhali dukansu biyu tsirran nahiyar Amurka ne. Sunan abinci yakan adana ƙofar da ya shigo, ya mance gidan da ya fito.

Daga baya Ingilishi ya faɗaɗa ma'anar "peach" ta hanyar majazi, ta zama sunan launi mai tsakanin ja da rawaya, ta kuma zama kirarin mutum ko abu mai kyan gani. Akwai wani fi'ili mai lafazi ɗaya da ita, mai nufin tona asirin abokin laifi, amma tushensa daban ne.

Tafashiya

Abin da ya fi damun mai wannan bincike shi ne yadda marubutan Turai, da suka tarar da tafashiya a Afirka ta Yamma, suka ara mata wannan suna, suka kira ta "peach" ta Afirka ko ta Gini, har ya kai ga ɗalibanmu na ɗaukar itatuwan biyu abu guda. Duk wanda ya bi gefen fadamar Gulbin Rima, daga Argungu zuwa Zauro da Ambursa har Birnin Kebbi, ya kuma zauna da masu maganin gargajiya na waɗannan garuruwa, zai gane cewa ƙiyasin ba shi da illa mai haɗa asali da reshe, in ji malaman usulu. Tafashiya dangin gahawa ce, mai faffaɗan ganye mai sheƙi, furenta fari ne dunƙulalle mai ƙamshi, ɗanta kuma in aka fasa shi sai a ga jan nama cike da ƙananan ƙwayoyi barkatai, domin furanni masu yawa ne suka haɗu suka zama ɗa guda. Ɗan itacen Sin kuwa dangin wardi ne, fatarsa na da laushin gashi, ƙwallonsa ɗaya ne tak, kuma itacensa ba ya fure sosai sai ya sha sanyin hunturu mai tsawo irin wanda kwarin Rima ba ya samu.

Bugu da ƙari, darajar tafashiya a wurinmu ba a ɗanta take ba. Saiwarta mai ɗaci, rawaya a ciki, ita ake jiƙawa ko a dafa saboda zazzaɓi da shawara da ciwon ciki, kuma sunan aro ya rufe wannan fa'ida baki ɗaya. J. M. Dalziel, da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kyauta da ya rubuta sunan kamar yadda ya ji shi a bakin masu shi.

Ra'ayinmu shi ne masu tsara ƙamus da masu fassara littattafan makaranta su raba kalmomin biyu: a bar wa tafashiya sunanta, baƙon kuma a Hausantar da lafazinsa ko a aro na Larabci, kamar yadda magabata suka yi da tuffa da inabi da rumman.