Mudun Auna Ƙarfin Sola: Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1954 ne masu bincike uku na Bell Labs da ke Amurka, wato Chapin da Fuller da Pearson, suka ƙera ƙwayar sola ta silikon mai mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta zuwa lantarki. Tun daga nan aka shiga tseren ɗaga wannan adadi, sai dai an jima kowane ɗakin gwaji yana awo da nasa mudun.

Kuskure kan shigo ta ƙofa uku. Ta farko ita ce fitilar gwaji, domin launukan haskenta ba sa yin daidai da na rana. Ta biyu faɗin ƙwayar: idan aka rage shi a lissafi, sai sakamakon ya kumbura. Ta uku zafi, domin silikon yakan rasa kimanin kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa duk lokacin da zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya.

Saboda haka masana suka amince da mudu guda: hasken wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, zafin ƙwaya digiri 25, da wani tsayayyen tsarin launukan haske da ake kira AM1.5. Shi kansa mudun an sake gyara shi a 2008, har wata ƙwaya ta Jami'ar New South Wales a Ostireliya ta tashi daga kashi 24.7 zuwa 25 ba tare da an taɓa ta ba.

Wannan tarihi ya shafi Togo, wadda ta ƙaddamar da shirin CIZO na kai sola gidajen karkara a 2017, ta kuma buɗe tashar Blitta mai megawat 50 a 2021. A arewacin ƙasar, daga Dapaong zuwa Naki-Est, faifan sola yakan haura digiri 60 da tsakar ranar bazara. A irin wannan zafi, faifan da aka rubuta wa wat 100 ba zai wuce kusan 85 ba, kafin ma a zo kan ƙurar hunturu. Wanda ya gwada faifansa a can, ya fara cire kason zafi da na ƙura; abin da ya ragu na giɓin shi ne zai nuna ko ɗan kasuwa ya yi masa algus.