Abin da Gimi Ta Shuka

Idan ka taso a wannan yanki namu na Dayi da Malumfashi, ba mamaki ka taɓa jin mai bi yana cewa, bayan ƙwari sun cinye masa auduga ko ɗansa ya kwanta ciwo, "Ina amfanin bangaskiyata?" Tambaya ce tsohuwa, kuma ba ta rashin tsoron Allah ba ce. Amma a ƙarƙashinta akwai zaton cewa bangaskiya wata laya ce da ake ratayawa don masifa ta kauce. Ina so in ba ka labarin waɗansu Hausawa da suka riga mu bin Almasihu, ka auna wannan zato da abin da ya same su.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami a birnin Kano mai suna Ibrahim. Cikin karatunsa ya tsaya a kan abin da aka faɗa game da Annabi Isa, har ya shiga koya wa almajiransa girmansa da komowarsa. Bai taɓa ganin mai bishara ba. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, waɗansu zuwa duwatsun Ningi, waɗansu cikin ƙauyukan ƙasar Zazzau. Suka yi shekaru da dama suna riƙe da begen cewa wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa.

A can Zariya kuwa akwai wani likita Bature na mishan ɗin CMS, Walter Miller. Ya fara shigowa ƙasar Hausa a 1900 tare da Bishof Tugwell, suka kai har Kano, Sarki Aliyu ya sallame su. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya yi shekaru yana aiki, masu tuba ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka same shi, suka ji Bishara da harshensu. Ba da daɗewa ba aka ba su fili a Gimi, wajen Makarfi, suka kafa ƙauyen masu bi. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Suka sare daji, suka yi noma, suka gina majami'a da makaranta, aka yi musu baftisma.

Tsaya ka dubi wannan da idon manomi. Mutanen da kakanninsu suka sha kora, yau ga su da gona tasu, da rumbu, da 'ya'ya masu karatu, suna sujada ba a ɓoye ba. Da a nan labarin ya ƙare, da mu masu wa'azi mun ji daɗinsa ƙwarai, domin ya dace da irin shaidar da muke so a bayar ranar godiyar kaka. Amma a kurmin da ke gefen ruwan Gimi akwai ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen. Ciwo ne mai cin mutum a hankali: zazzaɓi, kumburin wuya, sa'an nan barcin da ba a iya tashe shi. Maganin da ake da shi a lokacin bai isa ba. Aka yi ta binne manya da yara, har ya zama dole waɗanda suka rage su bar gonakin da suka sare da hannunsu, su koma Zariya.

Ba su mutu don sun yi zunubin da ya fi na maƙwabtansu ba, ba kuma don addu'arsu ta gaza ba. Ƙuda ne ya cije su, kamar yadda zai ciji kowa. Ina faɗin haka a fili domin na ga yadda koyarwar da ke sayar da albarka take raunana tsofaffinmu, har mace ta binne ɗanta sa'an nan a ɗora mata laifin ƙarancin bangaskiya. Ka buɗe Ibraniyawa sura 11, ka karanta har ƙarshe, kada ka tsaya a tsakiya. Marubucin ya jera waɗanda suka tsira daga bakin zakoki, ya kuma jera waɗanda aka jajjefe, ya sa su duka a layi ɗaya. Habakuk ma, a sura 3, addu'ar manomi ya yi wanda gonarsa ba ta ba da kome ba.

Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne abin da sauran mutanen Gimi suka yi da safiyar da ta biyo bayan makoki. Ba su koma neman tsari wurin boka ba, ba su kuma watse ba. Suka riƙe marayu, suka bar yaransu a makaranta. Da mishan ya tashi daga cikin birni zuwa Wusasa a 1929, suna cikin waɗanda suka zama tushen ikkilisiyar wurin. Daga zuriyarsu aka sami malamai da ma'aikatan jinya, har da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya daɗe a kansa tare da Hausawa masu bi da ma'aikatan waɗansu mishan, shi ne kuwa littafin da iyayenmu na ƙauyukan Malumfashi suka koyi karatu da shi a gindin bishiya.

Idan hanya ta kai ka Zariya, ka ratsa Wusasa. Tsohuwar majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki tana nan, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, asibitin Luka Mai Tsarki kuma yana kusa da ita, har yau ana karɓar marasa lafiya, Kirista da Musulmi.