Itacen da ya zama dutse: yadda masana ke tantance binciken junansu

Jama'a masu saurarenmu a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, da ƴan uwa na ƙetare, kun sha jin an ce "masana sun gano". Yau za mu duba hanyar da irin wannan magana ke bi kafin a yarda da ita, musamman a kan tsirran da suka zama dutse.

Nijar na da irin waɗannan tsirrai. Gawayin ƙasa da kamfanin Sonichar ke haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, ragowar dazuzzuka ne na sama da shekara miliyan 300. A yankin Tigidit na jahar Agadas kuma akwai gungumen itatuwa da suka daskare suka koma dutse.

In masani ya samu irin wannan, yakan yanko ɗan siriri ya duba da na'urar ƙara girman abu, ya rubuta rahoto ya aika wa mujallar kimiyya. Edita sai ya miƙa wa masana biyu ko uku na fannin, galibi a ɓoye sunansu. Su kuma su tambaya: a ina aka samo shi? A wane zurfi? Da wane itace aka kwatanta shi? Ina aka ajiye shi don wani ya je ya gani? Daga nan a karɓa, ko a ce a gyara, ko a mayar masa da abinsa.

To amma fa akan yi kuskure. A 1989, John Talent na Ostareliya ya bayyana a mujallar Nature cewa wasu burbushin halittun da Viswa Jit Gupta na Indiya ya ce daga duwatsun Himalaya suke, asalinsu daga Maroko ne, alhali rahotannin sun riga sun fita a mujallu. Shi ya sa sanin wurin da aka tsinci abu ke da nauyi ƙwarai.

Don haka mai ginar rijiya ko manomi, in ka ci karo da dutse mai zanen itace, kar ka fasa shi. Riƙe sunan wurin da gaba nawa ka gina, ka ɗauki hoto, ka sanar da malaman ilimin duwatsu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi.