Kason kayan Nijar da ke zuwa ƙasashe masu tasowa: me alƙaluman ke nufi?

A cikin jadawalin Bankin Duniya akwai wani ma'auni da ake yawan ambatawa in ana maganar kasuwancin ƙananan ƙasashe: cikin kuɗin dukkan kayan da ƙasa ta sayar a waje a shekara, kashi nawa cikin 100 ya fito daga ƙasashe masu tasowa. Bankin yana ɗauko alƙaluman daga asusun FMI, ya raba su biyu: ƙasashen da ke yanki ɗaya da mai sayarwa (ga Nijar, Afirka kudu da Sahara), da waɗanda ke wajen yankin. Kaya kawai ake ƙirgawa, ban da aikin hidima kamar sufuri, kuma da darajar kuɗi ake awo, ba da nauyi ba.

Wannan batu na ƙarshe shi ne mabuɗin fahimtar lamarin Nijar. Tun da kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, wannan ma'adinin ya daɗe yana kan gaba a kuɗin da ƙasar ke samu daga waje, kuma Faransa ce ta kasance babbar mai saye a wancan lokacin. Duk shekarar da farashinsa ya hau, kason ƙasashe masu arziki sai ya kumbura, na maƙwabta ya ragu a takarda, ko da manomin Galmi bai rage buhu ɗaya na albasar da yake aikawa Akara ko Abijan ba. Haka nan da aka rufe mahaƙar COMINAK a Maris 2021, kason maƙwabta na iya ɗagawa ba tare da sun ƙara sayen komai ba.

Sai tambayar wace ce "mai tasowa". Bankin Duniya yana duba kuɗin shigar kowane mutum a shekara. Ƙasar da ta haura kimanin dala 14,000 ta shiga sahun masu arziki, kuma ana sabunta jerin a kowace ranar 1 ga Yuli. Bisa wannan, Sin tana cikin masu tasowa, amma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta ciki. Hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tana sa Daular cikin masu tasowa. Ke nan zinariyar Jado da ta ƙare a Dubai tana iya faɗawa wannan gefe ko wancan, gwargwadon ofishin da ya yi lissafin. Rasha ma ta koma sahun masu arziki a jerin bankin tun Yuli 2024.

Man fetur ya sake juya hoton. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana sayar da rarar mai ga maƙwabta irin su Mali da Burkina Faso da Najeriya. Daga 2024 kuma ɗanyen man Agadem ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a Benin, ƙarƙashin kamfanin CNPC na Sin. Jirgin ruwa ɗaya na wannan mai ya fi darajar ɗaruruwan motocin albasa, don haka inda jiragen suka nufa shi zai rinjayi alƙaluman shekarun nan.

Babban giɓin ma'aunin dai yana kan iyakarmu ta kudu. Bisashe da wake da aya da ridi suna ƙetarawa Najeriya ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ta Birnin Ƙonni zuwa Illela, ta Magarya da Matamaye zuwa Daura da Kano. Abin da ya bi ta ofishin duwan ne kaɗai ke shiga lissafi. Garken da aka koro ta daji daren jajibirin kasuwa ba ya cikin kowane jadawali, alhali shi ne ke ciyar da gidaje masu yawa a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram. Saboda haka kason maƙwabta na gaskiya ya fi wanda ake bugawa. Ya kamata a riƙa tuna wannan musamman wajen karanta shekarun da iyaka ta rufe: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, lokacin da Najeriya ta rufe nata gefen, da kuma takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda aka ɗage a Fabrairu 2024. A irin waɗannan watanni cinikin bai mutu ba, hanya ya sake, sai takardun duwan suka nuna faɗuwar da ta wuce ta kasuwa.

Hawan wannan kaso ba lallai ne ya zama labari mai daɗi ba, saukarsa ma haka. Dogaro da Najeriya na da nasa haɗari: in naira ta faɗi a gaban sefa, ragon Nijar kan yi wa mai saye daga Kano tsada, dillalai su rage zuwa, farashi ya karye a kasuwannin ƙauye tun kafin wani ofishi a Yamai ya rubuta adadi.