Kashi Ɗaya Bisa Uku: Daga Landan da Faris zuwa Kano da Yamai

A tsakiyar shekarar 2024, cikin mako guda, aka yi manyan zaɓuɓɓuka biyu a Turai. Ranar 30 ga Yuni Faransawa suka kaɗa ƙuri'a a zagaye na farko na zaɓen majalisar dokoki, jam'iyyar RN ta Marine Le Pen da ƙawayenta suka zo na ɗaya da kashi 33 cikin 100. Bayan kwana huɗu, ranar 4 ga Yuli, jam'iyyar Leba ta Birtaniya ta sami kashi 33.7. Wato kowace daga cikinsu mutum ɗaya cikin uku ne ya zaɓe ta. Amma Leba ta kwashe kujera 411 daga cikin 650, Keir Starmer ya zama firaminista, 'yan mazan jiya suka sha kayen da ba su taɓa shan irinsa ba. Ita kuwa RN, da aka gama zagaye na biyu ranar 7 ga Yuli, sai ta tsinci kanta ta uku, da kujera 140 da 'yan kai daga cikin 577.

A watan Nuwamba na wannan shekara Donald Trump ya sake cin zaɓe a Amurka. Tun 2016, lokacin da Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a watan Yuni, Trump kuma ya ci zaɓensa na farko a Nuwamba, masu sharhi suka saba jera sakamakon Turai da na Amurka su ce iska ɗaya ce take kaɗawa: ƙyamar baƙi, da fushin tsadar rayuwa, da gajiya da tsofaffin 'yan siyasa. Akwai gaskiya a maganar. Jam'iyyar Giorgia Meloni ta zo ta ɗaya a Italiya a 2022 da kashi 26, AfD ta zo ta biyu a Jamus a Fabrairun 2025 da kusan kashi 21. Sai dai wanda ya tsaya kan tambayar "wa ya ci?" zai ce Birtaniya ta karkata hagu, Faransa ta ƙi dama, Amurka ta rungume ta, alhali ra'ayin jama'a bai bambanta haka ba. Abin da ya bambanta shi ne mudun da aka auna ƙuri'ar da shi.

A nan yana da kyau ɗalibi ya lura da ita kanta kalmar ƙuri'a. Daga Larabci aka aro ta, kuma kafin zuwan siyasar jam'iyyu ma'anarta ita ce abin da ake jefawa don a raba gardama wajen rabo, wanda ta faɗa a kansa ya ɗauka. Ana kaɗa ƙuri'a ko a jefa ta, ana ƙirga ta ko a ƙidaya ta. A wajen ƙidayar nan ne dokoki suke shan bamban.

Ƙasar Hausa wuri ne mai kyau na nazarin wannan al'amari, domin mudu uku aka gwada a cikinta: na Ingila, da na Amurka, da na Faransa.

Na Ingila shi ne na farko. Ana raba ƙasa mazaɓa-mazaɓa, wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa ya ɗauki kujera, ko da da ƙuri'a ɗaya ya ɗara na bayansa, jam'iyyar da ta iya haɗa rinjaye a majalisa ta kafa gwamnati. Da wannan tsari aka yi zaɓen tarayyar Nijeriya ranar 12 ga Disamba, 1959. NCNC ta Azikiwe ta fi kowa ƙuri'a, kusan kashi 34, amma kujera 81 ta samu daga cikin 312. NPC ta Sardauna, mai kimanin kashi 25, ta sami 134. Dalili biyu ne. An raba kujeru bisa yawan jama'a, Arewa ta sami 174, kuma a lokacin matan Arewa ba su da ƙuri'a, saboda haka kowace kujerar Arewa da ƙuri'u kaɗan ake cin ta. NEPU ta Malam Aminu Kano, ƙawar NCNC, ta tara ƙuri'a fiye da rabin miliyan, ta tashi da kujera 8. Irin wannan ne ya sami jam'iyyar Reform ta Nigel Farage a 2024: kashi 14 na ƙuri'u, kujera 5. Abubakar Tafawa Balewa na NPC ya ci gaba da zama firaminista.

Bayan juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa, mutane da yawa suka ɗora wa wannan tsari laifi, suka ce shi ya ba jam'iyyar yanki ɗaya damar mulkin ƙasa duka. A watan Oktoban 1975 Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin rubuta sabon tsarin mulki a ƙarƙashin Rotimi Williams, ya kuma nuna sha'awar shugaba mai cikakken iko wanda ƙasa duka za ta zaɓa. Amurka ke nan aka duba. A can ba jimillar ƙuri'un ƙasa ce take ba da shugabanci ba. Kowace jiha tana da adadin wakilai masu zaɓen shugaba, su 538 ne gaba ɗaya, ana bukatar 270, kuma in ban da jiha biyu, wanda ya ci jiha shi yake kwashe wakilanta duka. Nijeriya ba ta kwafi wannan kai tsaye ba, amma ta ɗauki manufarsa, wato dole a yi la'akari da jihohi. Dokar 1979 ta ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a kowace jiha daga cikin kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar.

Jihohin a lokacin 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku.

Aka yi zaɓe ranar 11 ga Agusta, 1979. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami ƙuri'a 5,688,857, wato kashi 33.8, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya bi shi da 4,916,651. Shagari ya cika kashi ɗaya bisa huɗu a jiha 12. Jiha ta 13 ita ce Kano, inda Malam Aminu na PRP ya kwashe fiye da kashi uku bisa huɗu, ya bar wa Shagari ƙuri'a 243,423 daga cikin 1,220,763, wato kashi 19.94. Da yawa sun ɗauka kashi biyu bisa uku na 19 shi ne 13, tunda ba a tsaga jiha kamar goro. In haka ne, Shagari bai cika sharaɗi ba, sai 'yan majalisun tarayya da na jihohi su zauna su zaɓi ɗaya tsakaninsa da Awolowo, kuma a can sauran jam'iyyu huɗu suna iya haɗa kai. Sai lauyan NPN, Richard Akinjide, ya kawo wani lissafi. Ya ce kashi biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku. Saboda haka a ɗauki kashi biyu bisa uku na ƙuri'un Kano, wato 813,842, a fitar da rubu'insu, 203,460 ke nan da 'yar ɗoriya. Shagari ya wuce wannan. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta yarda, Awolowo ya kai ƙara, ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari, kwana biyar kafin rantsuwa. Mai shari'a Kayode Eso ya ƙi amincewa da hukuncin.

A ganina lissafin yana da rauni, kuma ɗan firamare zai iya gano shi. An rage jimillar ƙuri'un Kano zuwa kashi biyu bisa uku, amma an bar na Shagari cif yadda suke. Da an rage duka biyu, da kashi 19.94 ɗin nan bai motsa ba. Duk da haka ba na jin alƙalan lissafi kawai suka duba. Soja sun shekara 13 suna mulki, an sa ranar miƙa shi, kuma Shagari ne kaɗai ya sami ƙuri'u masu kauri a Arewa da Kudu, wanda shi ne ainihin abin da dokar take nema. Bayan shekara 21 Amurkawa suka ɗanɗana irin wannan: a 2000 Al Gore ya fi George Bush ƙuri'a da sama da rabin miliyan, amma ƙuri'a 537 a jihar Fulorida da hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 12 ga Disamba suka ba Bush kujerar.

Mudu na uku yana ƙetaren iyaka. Bayan babban taron ƙasa na 1991, Nijar ta amince da tsarin mulki irin na Faransa a Disamban 1992: in babu wanda ya wuce rabin ƙuri'u, sai na ɗaya da na biyu su koma zagaye na biyu. Ɗalibi zai ji daɗin sunayen jam'iyyun, domin da Hausa aka yi musu laƙabi: MNSD Nassara, CDS Rahama, PNDS Tarayya, ANDP Zaman Lahiya. (Lahiya ita ce lafiya a karin harshen yamma.) Ranar 27 ga Fabrairu, 1993, Tandja Mamadou na Nassara, jam'iyyar tsohuwar gwamnati, ya zo na ɗaya da kashi 34. Mahamane Ousmane na Rahama, mutumin Damagaram, ya sami kusan 27. Mahamadou Issoufou na Tarayya da Moumouni Djermakoye na Zaman Lahiya kowannensu ya sami 15 da wani abu. Da a ce mudun Ingila aka ɗauka, da Tandja ya ci. Amma waɗanda suka faɗi suka mara wa Ousmane baya a ƙawancen AFC, ranar 27 ga Maris ya ci da kashi 54. Abin da ya sami RN ke nan a 2024, lokacin da 'yan takarar hagu da na tsakiya fiye da 200 suka janye wa juna don kada su raba ƙuri'a.

Ƙawancen da ƙin mutum ɗaya ya haɗa bai cika daɗewa ba. A Satumban 1994 Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, Tarayya ta koma wajen Nassara. Ousmane ya rusa majalisa, aka sake zaɓe ranar 12 ga Janairu, 1995, 'yan adawa suka sami kujera 43 daga cikin 83, tilas ya naɗa Hama Amadou na Nassara firaminista. Faransa ta yi irin wannan zama sau uku, Mitterrand da Chirac daga 1986, Mitterrand da Balladur daga 1993, Chirac da Jospin daga 1997, aka cije aka rabu lafiya. A Yamai kuwa zaman doya da manja aka yi. Aka yi ta gardama kan wa yake da ikon naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati, shugaban ƙasa ya riƙa ƙin kiran taron ministoci, aiki ya tsaya. Ranar 27 ga Janairu, 1996, Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kawar da su duka biyun. Tandja sai a 1999 ya sami kujerar.

To, ina kashi ɗaya bisa uku yake shiga a Amurka, inda jam'iyya biyu suke raba kusan dukan ƙuri'u? Yana shiga ta zaɓen fid da gwani. A Turai mai sabon ra'ayi yakan kafa jam'iyyarsa, a gan shi a fili da kashi 14 ko 21 ko 33, sauran jam'iyyu su yanke shawara ko su yi ƙawance da shi ko su ƙaurace masa. A Amurka jam'iyya ta uku ba ta kai labari, saboda haka sai ya shiga tsohuwar jam'iyya ya ƙwace ta daga ciki. A Fabrairun 2016, a zaɓen fid da gwani na 'yan Rifablikan a jihar Karolaina ta Kudu, Trump ya sami kashi 32.5, sauran 'yan takara suka raba ragowar, ya kwashe wakilan jihar su 50 duka. Da ya zama ɗan takara, waɗanda ba su so shi ba da fari suka bi tutar jam'iyya. A Nuwamba ya sami kashi 46, Hillary Clinton ta fi shi da ƙuri'a kusan miliyan uku, amma shi ya ci wakilan jihohi. Sai a 2024 ya zo na ɗaya a jimillar ƙuri'u, da kashi 49.8 da wakilai 312. Saboda haka in aka ce Trump ya ci, Le Pen ta faɗi, ba a nuna cewa Faransawa sun fi Amurkawa ƙin wannan ra'ayi ba. An nuna cewa a Faransa akwai zagaye na biyu.

A Nijar an dakatar da tsarin mulki tun juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. A Nijeriya kuwa sharaɗin 1979 ya shiga tsarin mulkin 1999. Jihohi sun zama 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, duka suna rabuwa uku ba saura, sai aka zaci an binne gardamar. Amma dokar 1999 ta ambaci jihohi "da" Babban Birnin Tarayya. A zaɓen Fabrairun 2023 Bola Tinubu ya zo na ɗaya da kashi 36.6, ya cika sharaɗin jihohi, har da Kano inda Rabi'u Kwankwaso ya zo na ɗaya, amma a Abuja kashi 19 ya samu. Atiku Abubakar da Peter Obi suka ce wannan "da" tana nufin dole ne a sami rubu'in ƙuri'un Abuja ita kaɗai. Ranar 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta ce a lissafa Abuja tamkar jiha ta 37.